Kaskon Turaren Nizwa

Wata biyu ke nan annoba ta kulle mu a gidan Yaya Muhyiddeen da ke unguwar Taman Melati, a ƙasar da nake karatu, ba makaranta, ba fita sai sayen abinci. Wata biyu ke nan kuma mahaifin Hisham yana kira daga Oman don su yi maganar aurenmu, Yaya yana ƙin ɗagawa. Shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. In bai saurare su ba, magana ta mutu.

"Balarabe, Khaulah?" ya ce, yana kwance shinkafar da ya yo mana tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, daga shagon abincin da ake kira mamak. "Sati ɗaya kika yi a ƙasarsu, kin dawo kin cika mana kunne. Mai wanke-wanke suke nema."

"Ka taɓa zuwa, Yaya?"

"Ba sai na je ba."

"To ni na je."

Anti Jumai, matarsa, ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata, na ce yau sai sun ji abin da ban taɓa faɗa ba saboda kunya.

A watan Janairu na je Nizwa, garin su Hisham a Oman, kafin annoba ta rufe filayen jirgi. Afnan ce ta gayyace ni, ƙanwar Hisham, ajinmu ɗaya a jami'a. Littafi nawa na karanta a kan ƙasar Larabawa, babu wanda ya gaya min zan ga ruwa yana gudu a siririyar kwata tsakanin itatuwan dabino, da sanyinsa, duwatsu sun kewaye garin. A otal na sauka. Gaisuwa kawai na je yi gidansu bayan la'asar, na tarar da mata baƙi cike da falo, ana ta zuba gahawa.

"Can sai mamarsu ta fito da kasko," na ce, "turaren lubban yana ta hayaƙi. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana turara mana mayafi. Anti, a Kano in an kunna miki turaren wuta, me ake nufi?"

"Ki saki jiki mana."

"Haka na yi. Na warware mayafi, na miƙe ƙafa, na jawo farantin dabino. Matan nan suna ta tashi suna fita, ni ina musu Allah ya kiyaye hanya. Ashe a can turare sallama ce."

Anti Jumai ta kwashe da dariya har ta ƙware. "Wayyo Allah! An kore ki da turare kin ƙi tafiya!"

"Ba wanda ya ko kalle ni. Mamar tasu ta aika aka ɗauko jakata daga otal, ta ba ni gadonta, ita ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Kwana shida. Sai da muka hau jirgin dawowa Afnan ta gaya min ma'anar kaskon."

Yaya ya danne murmushi. "Kara ce kawai. Baƙuwa daban, suruka daban."

"Wataƙila. Amma su sun rufa min asiri ba su san ni ba. Kai ka yanke musu hukunci ko muryarsu ba ka ji ba."

Wayata ta hau ruri. Mahaifin Hisham ne, kiran bidiyo.

"Kada ki ɗaga," in ji Yaya.

Na ɗaga. Na gaida dattijon, sannan na jingina wayar a jikin gorar ruwa, fuskarta na kallon Yaya, shi da singileti, hannu duk miya.

"Assalamu alaikum, ɗana," dattijon ya ce.

Yaya ya watso min harara. Ban sunkuyar da kai ba.

"Jumai," ya ce ƙasa-ƙasa, "miƙo min jallabiyata." Ya goge hannu, ya gyara zama. "Wa alaikumus salam, Baba."