Manaja a Layin Likitan Haƙori

Kwana uku haƙori ya hana Auta sakat, shi ya sa ta raɓe a ƙarshen benci a asibiti, hannu dafe da kunci. Ita ke yin muryar Manaja a wasan kwaikwayon rediyo, amma da yake murya kawai aka sani, babu wanda ya dube ta sau biyu.

Wata dattijuwa mai tabarau ce ta tayar da zancen.

"Kun ji Manaja jiya? Ta kori ƙaninta daga aiki, uwa ɗaya uba ɗaya. Matar nan ba ta da imani."

"Ai barci yake a bakin aiki, Mama," in ji wata ɗaliba, "har gobara ta kusa cinye sito."

"Ko garin ya ƙona, 'yata. Mace da tausayi aka san ta."

Wani tela da ke gefe ya gyara zama. "Laifin marubuta ne. Namiji suka ɗauko suka ɗaura masa ɗankwali."

Auta ta tuna baya. Bara, a wasan nan dai, tsohon manaja ya kori ɗan cikinsa, masu sauraro suka yi ta bugo waya suna kiransa namijin duniya. Watan jiya kuwa da Manaja ta yi kuka a ofis, cewa aka yi raguwa ce, ta zubar wa mata mutunci. In ta yi dariya rawar kai, in ta ɗaure fuska girman kai.

Auta ta yi niyyar yin shiru, abin ya ci tura.

"Don Allah Mama, da wansa ne ya kore shi, me za ki ce?"

Dattijuwar ta zare tabarau. "Sake faɗa in ji."

Auta ba ta sake ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

"Ke ce. Wallahi ke ce. To ki ji tsoron Allah ki mayar da yaron nan aiki."

"Mama, ba ni ke rubutawa ba. Takarda ake miƙo mini."

"To ki ƙi karantawa mana."

Ɗalibar ta matso tana roƙon kada ta kuskura ta mayar da shi. Tela ya ce marubuta dai su sassauta harshen Manaja. Kafin nas ta kira Auta, dattijuwar ta zage ta tas, ta kuma sa an ɗauke su hoto tare.

Auta ta kwanta a kujerar likita tana ajiyar zuciya. Ya cusa mata auduga a baki, ya kunna fitila.

"Na ji komai daga nan," in ji shi. "Ni a ganina, aure ya kamata marubuta su yi wa Manaja. Buɗe sosai."

Auta ta buɗe, ta runtse ido. Minti ashirin yana bayani.