Ƙishirwar Siddiƙa

Sunana Ma'aruf. Shekara goma sha tara ina koyarwa a wata Islamiyya a Zango, kuma a unguwarmu an san ni da tsanani. Iyaye kan kawo mini yaron da ya gagare su a gida, su ce, "Malam, ga shi nan." Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan suna.

Siddiƙa ita ce ta uku a 'ya'yana, shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Ni nake karantar da ajinsu, saboda haka nakan matsa mata fiye da kowa, kada a ce don 'yar Malam ce ake ɗaga mata ƙafa.

Wajen wata biyu kafin azumi ta fara ɗaga hannu a aji tana neman zuwa bayi. Sau biyu, wani lokacin sau uku kafin a tashi. Ni kuwa sai na ga kamar ba ta yin haka sai an zo karɓar hadda. Na ce daga ranar ba mai fita sai an tashi, har da ita. Takan zauna tana matse ƙafafu, ni kuma in kau da kai.

A gida mahaifiyarta, Zaituna, ta same ni da maganar.

"Malam, yarinyar nan ramewa take yi, ga shi kuwa abinci ba ya isarta. Shekaranjiya ma ta jiƙa shimfiɗarta, abin da rabonta da shi tun tana 'yar shekara uku."

Na ce, "Tsawo take yi. Fitsarin kwance kuwa sakarci ne. Ki hana ta ruwa bayan magariba."

"Ko dai a kai ta a duba?"

"A duba me? Tana ci, tana sha, tana wasa."

Zaituna ba ta ƙara ba.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo. Siddiƙa da bakinta ta ce bana duka za ta yi, ba za ta sha ko ɗaya ba. Na yi murna, har na ba abokan aikina labari.

Ran shida ga wata na dawo gida bayan azahar ɗaukar wani littafi. Na same ta a gindin randa, moɗa a baki. Ta gan ni sarai, amma ba ta sauke moɗar ba sai da ta shanye ruwan tas. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Na ɗauka raini ne.

Ta ce, "Baba, wallahi maƙogwarona kamar ana hura wuta a ciki."

"Kowa ma ƙishirwa yake ji. Ke kaɗai ce mai maƙogwaro?"

Na tsinko tsumagiya a jikin bishiyar darbejiyar tsakar gida na zane mata ƙafafu. Na sa aka mayar da randar ɗakina na kulle. Washegari na tsayar da ita a gaban aji, na gaya wa yara abin da ta yi, na ce ga misalin mai cin amanar azumi a ɓoye. Wasu suka yi dariya. Ita dai kanta na ƙasa.

Ta ƙara yin kwana uku tana azumi, ba ta sake zuwa kusa da ruwa da rana ba. A rana ta huɗu bayan la'asar ta fara amai tana riƙe ciki. Kafin a kira magariba numfashinta ya canza, tana jan shi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta na wani irin wari mai kama da na ruɓaɓɓen mangwaro. Zaituna ta kira sunanta, ta buɗe ido ba ta gane ta ba. Wani maƙwabcinmu mai motar haya ne ya ɗauke mu zuwa asibiti a Daura. A hanya aka sha ruwa, ban ma tuna ina azumi ba.

Likitar da ta karɓe mu matashiya ce, Dakta Mardiyya. Ta soki ɗan yatsan Siddiƙa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, sai ta ɗaga murya ta kira ma'aikatan jinya. Nan da nan aka sa mata ƙarin ruwa. Sai da abubuwa suka ɗan lafa sannan ta zo wurinmu da takarda a hannu.

"Malam, tana yawan shan ruwa?"

Na ce, "Ƙwarai."

"Yawan fitsari fa? Tun yaushe?"

Na gaya mata makon da abin ya fara, da sau nawa take neman fita a aji. Na gaya mata ranar da ta fara fitsarin kwance, da lokacin da rigar makarantarta ta fara yi mata yawa. Duk abin da ta tambaya ina da amsarsa, domin babu ɗaya da ban yi wa yarinyar faɗa a kai ba.

Likitar ta ce, "Kun lura da ita sosai, Malam. Ba kowane uba ba ne zai iya ba ni wannan bayanin."

Yabo take yi mini. Na rasa inda zan sa idona.

Ta yi mana bayani cewa ciwon suga ne, irin wanda yake kama yara. Ba shan zaƙi ne ya jawo shi ba, ba kuma wani abu ne muka ba ta ba. Jikinta ne ya daina samar da wani sinadari da ake kira insulin, sai suga ya taru a jini, jiki kuma ya riƙa ƙoƙarin fitar da shi ta fitsari. Shi ya sa ƙishirwa ba ta barinta.

"Ruwan nan da take ta sha, jikinta ne yake neman ceton kansa," in ji ta. "Azumin ne ya ƙara tsananta abin, ruwan jikinta ya ƙare."

Ban gaya mata maganar randa ba. Zaituna na tsaye kusa da ni, ba ta dube ni ba. Da aka ɗaga zanen Siddiƙa za a gyara mata kwanciya, shatin tsumagiya na nan a ƙwaurinta, bai gama bajewa ba. Likitar ta gani. Ta mayar da zanen ta rufe, ta ci gaba da rubutunta.

Sai a yini na biyu Siddiƙa ta dawo hayyacinta. Ta dubi robar ruwan da ke rataye, ta bi igiyar da ido har hannunta, sannan ta dube ni.

"Baba, wannan yana karya azumi?"

Na ce, "Babu azumi a kanki."

"Ba ni na ce a sa mini ba."

"Na sani."

Na fita waje na tsaya a bayan ɗakin, inda ake shanya zannuwan gado, na daɗe ban koma ba.

Kwananmu tara aka sallame mu. An koya mana auna suga da yin allura, da yadda za mu gane in sugan ya faɗi ƙasa mu ba ta abu mai zaƙi da sauri. Da yake maganin ba ya son zafi, wutar lantarki kuma ba ta zama a wurinmu, aka nuna mana yadda za mu ajiye maganin a cikin 'yar tukunyar ƙasa, a binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ranar farko da zan yi mata allura a gida na rasa inda zan soka. Ita ce ta tsunkulo fatar cinyarta ta ce, "Nan, Baba. Ba zafi sosai." Kafin wata biyu ta iya yi da kanta, kumatunta kuma suka dawo.

Na nemi gafarar Zaituna. Ta ce ita ma ta yi shiru a inda bai kamata ba, daga nan ba mu sake tayar da maganar ba. Na kira Siddiƙa na ce ta yafe mini. Ta yi dariyar kunya ta rufe fuska da mayafi, domin ba ta taɓa jin na faɗi haka ga kowa ba.

"Ai ba ka sani ba, Baba."

Gaskiya ne ban sani ba. Amma ta gaya mini da bakinta, mahaifiyarta ma ta gaya mini, ni ne na ƙi ji.

Da aka koma makaranta bayan salla, na tsaya a gaban ajin na ce abin da na faɗa a kan Siddiƙa ba daidai ba ne. Na ce rashin lafiya ce ta sa ta shan ruwa, ni ne na zalunce ta. Na gaya musu sunan ciwon, da cewa kullum sai ta yi allura, kuma duk wanda ya ji yana bukatar fita ya fita. Na koma gida ranar ina jin kamar na sauke wani abu.

Bayan mako guda muna dawowa daga makaranta, tana biye da ni da jakarta, sai ta ce, "Baba, da ba ka gaya musu maganar allurar ba."

"Me ya faru?"

"Yanzu 'yar allura suke ce mini. Ƙawata Hasana ma ta daina cin abinci da ni, wai kada ta ɗauka."

Na tsaya a bakin hanya. Ko wannan ɗin ma ban tambaye ta ba kafin in yi.

Na ce, "To yanzu me kike so in yi?"

Ta yi ɗan tunani. "Kada ka yi wa Hasana faɗa. Ka bari Umma ta je ta yi wa mamarta bayani."

Haka aka yi. Zaituna ta je da yamma, ni kuma na zauna a gida.