Ƙwayar da Ke Bakin Allura

Wata bakwai Vendula Kvapilova ta yi a ɗakin bincike na ƙarƙashin ƙasa a Prag, tana fama da wata na'ura mai allura da ke ganin ƙwayar zarra. Burinta ta ɗauki ƙwayar sinadari guda tak a bakin allurar, ta shinshino da ita maganaɗisun da ke fuskar ƙarfe. A baki dai da sauƙi. In ta ɗauka ƙwayar ta faɗi, in ƙwayar ta zauna jirgin ƙasa na cikin gari ya wuce ya girgiza ginin. Ga shekara arba'in da uku a kanta, ga kwangilar aiki ta shida tana ƙarewa. Shugaban sashe ya gaya mata ba kwana-kwana: in ba sakamako ba sabuntawa, kuma ran Juma'a za a kashe sanyin da na'urar ke aiki da shi a miƙa ta ga wasu.

Ran Laraba da hantsi ƙwayar ta zauna daram. Layukan da take nema suka fara fitowa a allo. Tsoho Bohumil mai gyaran na'urori, wanda kullum yake mata tsiya wai allura ta aura, ya ajiye mata kofi ya fita da sanɗa, ba takalmi a ƙafarsa sai safa. Awon kwana biyu take bukata, kuma kwana biyun ne suka rage.

Can sai hoton ya ɗan yi dishi-dishi. To, duk wanda ya koyi aikin nan, abin da ake fara koya masa shi ne in hoto ya dushe, ya caka allurar cikin ƙarfen da ake aunawa bakinta ya goge. Shekara goma sha biyar Vendula tana haka. Sabo turken wawa! Hannu ya riga hankali, ta danna maɓallin caka allurar.

Hoton ya fito tas, babu ƙwaya, cakar ta goge ta daga bakin allurar. Ta zauna tana kallon yatsanta, baƙin ciki kamar ya kashe ta, ga shi ba wanda za ta ɗora wa laifi.

Bohumil ya leƙo ya gani. "Dakta, ki sake ɗauko wata mana."

"Baba Bohumil, waccan wata bakwai ta ci."

Ya ɗauke kofin.

Ran Juma'a ita da kanta ta kashe sanyin, don ba wanda ya san na'urar kamarta. Masu karɓa suka tsaya da littattafansu, ɗaya ya tambaye ta yadda za su yi in hoto ya dushe. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nuna masa maɓallin.