Gishiri a Tanki, Kumfa a Tsakar Gida

Ruwan gidanmu mugun ruwa ne. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, hannun matata kuwa duk ya tsage saboda wanki, har jini yake yi. Na hana ta wankin, ta ƙi ji. Wai ba wanda zai wanke mata kaya tana da rai.

Mijin ƙaramar 'yarmu, wanda muke kira Dogo, mai gyaran famfo ne. Ranar nan sai ga shi da tanki biyu a bayan mota, yana murmushi har kunne. Ya haɗa su da babban bututun ruwa a bayan kicin, ya buɗe dogon tankin ya nuna mana wasu ƙwayoyi kamar ƙwan kifi.

"Baba, ƙurar dutse ce a ruwan nan, ita ke cinye sabulu. In ruwa ya bi ta cikin ƙwayoyin nan sai su kama ta, ya fito da laushi."

"In sun ƙoshi fa?" na tambaye shi.

"Sai ruwan gishiri daga ƙaramin tankin ya wanke su, dattin ya bi kwata."

Ya farke buhun gishiri ya juye a ƙaramin tankin. Matata ta riƙe haɓa.

"Gishiri a ruwan wankina? Kai Dogo, miya zan yi?"

"Mama, ba ya zuwa famfonki. Nasa aikin wanke ƙwayoyin ne kawai."

Ta ɗanɗana ruwan, ta tofar, ta sake ɗanɗanawa. Ba gishiri. Duk da haka ta ce gwaji ɗaya za ta yi, in bai yi mata ba ya kwashe tarkacensa.

Ta tara ruwa a baho, ta zuba garin sabulu cike da hannu biyu, yadda tsohon ruwan ya saba mata. Tana sa hannu kumfa ta taso. Ta haura bakin baho, ta rufe mata ƙafa, ta kama hanyar ɗakina. Kaji suka watse.

"Ka gani ko? Ya lalata mini ruwa. Na ɗauraye zanin nan, santsi yake yi. Cire abin nan."

Dogo ya dube ni, gumi na zubo masa. Ni kuwa hannunta nake kallo.

"Ba abin da za a cire," na ce. "Zubar da wannan, ki sake tara wani. Kawo cokalin shayi."

"Cokali? Malam, ka taɓa wanke ko hula?"

"Cokali na ce."

Ta zuba cokali guda tana gunaguni. Ta jefa farar rigar da ta daɗe da dafewa, ta murza kaɗan, ba ta ko sa ƙarfi ba. Ta ɗaga rigar sama, ga ta fari tas. Ta shafa ta, ta shafa bayan hannunta, sai dariya ta ƙwace mata.

"Dogo, ɗan albarka, sauke mini labulen falo. Da na ɗakin baƙi."

"Yanzu, Mama?"

"Da gobe zan jira? Malam, kai ma tuɓe wannan rigar."

"Ai jiya kika wanke ta."

"Wannan ba wanki ba ne," in ji ta, ta riga ta kama wuyan rigar tana ja.