Jakar Ƙauna a Ƙofar Kanti

A shekarar da sabulu da madara suka yi wuya a Mubi, Ƙauna mai tuyar ƙosai a bakin tasha ta ji labarin an kawo sabulu a wani babban kanti. Daga asibiti take, amma ta biya ta bi layi. Ta samu sandar sabulu guda. Saboda cunkoso, Selina mai karɓar kuɗi ba ta ba kowa rasit ba.

A bakin ƙofa Gabdo maigadi ya tare ta da sandarsa.

"Mama, rasit."

"Ba a ba ni ba. Tambayi yarinyar can."

"To buɗe jaka. Ana yi mana sata, mai kanti ya ce a duba kowa."

Ƙauna ta ƙanƙame jakar a ƙirjinta. Babu kayan kowa a ciki. Akwai dai kwalbar ƙwayoyin da aka ba ta da safe, kuma duk Mubi an san irin kwalbar, ta masu kuturta ce. Cutar ba ta nuna ba tukuna, sai wani farin tabo a bayanta da riga ke rufewa, likita kuma ya ce za ta warke. Amma wa zai ƙara cin ƙosan da hannunta ya taɓa? Da kaskon nan take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

"Ba zan buɗe ba," ta ce.

Gabdo ya jawo ƙofar ƙarfe ya rufe. Masu layi suka juyo. Ta hango direbobi biyu da ke karyawa a wurinta kullum.

Sai Baba Elkana, dattijon cocinsu wanda ya taɓa aikin akawu a kotu, ya kutso.

"Kai Gabdo, ba ka da ikon sa hannu a jakar mutum sai da yardarsa. Roƙo za ka yi, ita kuma tana iya ƙi. In kana zarginta da sata, kira 'yan sanda, su doka ta ba ikon bincike." Ya juyo wurinta. "Kada ki ji tsoro, 'yata, gaskiya tana wurinki."

"To a kira su," in ji Gabdo.

Ƙauna ta ƙara matse jakar. 'Yan sanda za su zazzage jakar a kan tebur, a gaban wannan taro da ke ƙaruwa. In ta ci gaba da ƙi, kafin magariba sunanta ɓarauniya. Ta dubi ƙofar, ta dubi Baba Elkana da ke gyaɗa mata kai cike da alfahari, ta ji kamar ta roƙe shi ya yi shiru.

"A bar 'yan sanda," ta ce a hankali. "Mace ta duba, a ciki, mu biyu."

"Ba dole ba ne fa, 'yata!"

"Na sani, Baba."

Selina ta kai ta ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye. Ta buɗe jakar, ta ɗaga zanen da ke sama, sai ta ga kwalbar, hannunta ya tsaya. Ta mayar da zanen da sauri, ta goge yatsunta a jikin siket.

"Don Allah, Selina."

Yarinyar ba ta kalle ta ba. Ta fita ta ce da ƙarfi, "Babu komai, sabulunta ne kawai, ni na sayar mata."

Aka buɗe ƙofa. Baba Elkana ya raka ta har bakin titi yana faɗa, wai da ta jure da mai kanti ya ba ta haƙuri a gaban jama'a.

Washegari ta hura wuta kamar kullum. Direbobi suka zo suka saya, har suna tsokanarta da zancen jiya. Can sai ga Selina za ta aiki tare da wata ƙawarta. Ta saba tsayawa ta sayi ƙosai, amma yau ta tsallaka ɗaya gefen titin. Ƙawar ta waiwayo sau ɗaya. Ƙauna ta bi su da ido, tana son gane ko magana suke yi, har ƙosan da ke cikin mai ya ƙone.