Sai Ƙasa Ta Saki

"Reino, ka sauko! Wallahi ko ka sauko ko in kira 'yarka yanzun nan!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Yana can saman rufin gidansa, dusar ƙanƙara ta kai masa cinya, yana yankar ta da shebur gunduwa-gunduwa yana turowa ƙasa. Tsoho ne da ya haura tamanin, ya ɗaura igiya a ƙugu don a ce ya ɗaura, ɗaya bakin igiyar kuwa ina ganin sa yana reto a iska.

"Doris, matsa daga nan kada in binne ki," in ji shi. "Kin san ba a binne kowa yanzu. Sai ki tsallake layi."

Ban yi dariya ba, don Elma matarsa ko wata guda ba ta yi da rasuwa ba. A garinmu na bakin tafki, can ƙurewar arewacin Michigan ta Amurka, wanda ya mutu da hunturu jira yake yi. Ƙasa ta daskare, ƙanƙara ta shafe kaburbura, sai a yi addu'a a coci a kai akwatin wani ɗakin dutse da ke cikin maƙabarta a kulle. In ƙasa ta saki a watan Mayu, a yi ta binne mutane ɗaya bayan ɗaya. Uwata ma ta yi wannan jiran, kuma abin bai taɓa damu na ba sai a kan Elma.

Ban taɓa ganin mai ƙin sanyi irin Elma ba, alhali a cikinsa aka haife ta. Tun muna amare muke maƙwabtaka, kuma kowace shekara da ganye ya fara zuba sai ta ɗauko zancen Arizona mai zafin rana, inda 'yarsu Linda take aure. Reino direban motar share ƙanƙara ne, sai ya ce ta bari ya ajiye aiki. Ya ajiye aikin, ya koma cewa baɗi. Baɗin nan ta tsufa tare da su. Har malfa biyu Elma ta saya ta rataye a bakin ƙofa cikin manyan rigunan sanyi, wai don kullum zai fita ya gan su ya ji kunya. Bana da ƙyar ya yarda za su tafi bayan Kirsimeti. Ta haɗa kaya tsaf, sai ga shi ta mutu a kujerarta kusa da murhu, da safa biyu-biyu a ƙafa.

Da ya ga dama ya sauko, na tasa shi gaba zuwa kicin ɗina, na zuba masa kofi, na yanka masa burodi mai zaƙi. Na kira Linda na ajiye wayar a tsakiyar tebur don ya ji da kunnensa.

"Baba, ɗakinka na nan na gyara," in ji ta. "Ga bishiyar lemo a bayan taga, 'ya'ya har suna zubowa. Ka zo ka huta, in Mayu ta yi mu dawo tare mu binne Mama."

"In bar ta a kan kanta kamar kwalbar miya, ni in je in sha lemo?"

"Haba Baba! To zamanka me zai ƙara mata?"

"Sai ƙasa ta saki, Linda. Gai da yaran."

Ya miƙa yatsa ya kashe wayar. Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami.

"Kai tsohon nan, Elma ta gama da sanyi. Ba ta jin komai yanzu."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke kika shiga kika tambaye ta?"

Na tura masa faranti.

Kullum da safe ƙarar sheburinsa ke tashe ni, yana kankare matakalar gidansa, ƙurr, ƙurr. A unguwarmu haka muke sanin tsoho ya kwana lafiya: a ji shebur, a ga hayaƙi. Amma bana yana gama matakala sai ya jefa sheburin a bayan tsohuwar motarsa ya fita. Mijina Rudi ne ya gano inda yake zuwa. Motar share hanya ba ta wuce ƙofar maƙabarta da hunturu, don ba wanda ke da abin yi a ciki. Reino ne ke buɗe hanya da hannu tun daga ƙofar har ɗakin dutse, kashegari iska ta toshe, ya sake buɗewa.

Wata rana na sa Rudi ya kai ni. Muka bi siririyar hanyar, ƙanƙara dama da hagu ta kai mini kafaɗa, ba ka ganin komai sai kawunan manyan duwatsun kabari jefi-jefi. Muka same shi ya jingina tsani yana sauke ta saman rufin ɗakin. A jikin ƙofar ƙarfen, a kan wata ƙusa, ga malfar Elma mai jan ƙyalle.

"Rufin nan ya girme ni," in ji shi yana haki. "In ya rufta, a kanta zai rufta."

Sai ya nuna mana ƙasa da bakin shebur. Daidai bakin ƙofar akwai wani ɗan wuri da ƙanƙara ba ta kwanta ba, dutse ne baƙi tas, faɗinsa kamar tsayuwar mutum guda.

"Kullum haka nake tarar da shi. Ko'ina ya toshe, ban da nan."

"Iska ce ke juyawa a kusurwar," in ji Rudi.

"To," in ji Reino. "Iska ce."

Na kasa tsayawa a wurin, na koma mota na jira su. A hanya na ce wa Rudi mu ma fa ya kamata mu fara tunanin barin garin nan tun ƙafafunmu na ɗaukar mu. Ya ce, "Mu ga baɗi." Ban san lokacin da na kai masa duka a kafaɗa ba, kuma ba da wasa na yi ba.

Muka yi ta fama da Reino, ni ta katanga, Linda ta waya. Ya rame, tari ya kama shi, leɓunansa suka fara yin shuɗi in ya dawo. Abin da ya karya shi a ƙarshe Rudi ne. Ya same shi a ɗakin surace ranar Asabar, suna zaune cikin tururi, ya yi masa alkawarin shi zai riƙa buɗe hanyar yana sauke rufin har Mayu.

"Kai da ko kankare taka matakalar sai Doris ta yi maka tsawa?" in ji Reino.

"Na dai ce zan yi."

Daga ƙarshe ya ce to, a gaya wa Linda ta zo Asabar mai zuwa. Da Rudi ya kawo mini labari, kuka na yi don murna. Na je na taya shi haɗa jaka. Duk rigunansa masu nauyi ne, da ƙyar na tono guda biyu masu gajeren hannu suna warin ajiya.

Tsakiyar makon sai tafki ya turo mana dusar ƙanƙarar da ya saba turowa. Kwana da kwanaki ba ka ganin gidan da ke tsallaken titi, kuma mai jiƙa ce, mai nauyi, irin wadda ke karya rufi. Ranar Juma'a gari ya waye tas, rana ta fito ba ɗumi, sanyin har cikin haƙori. Na ji ƙurr, ƙurr ɗinsa, na ce madalla, na juya na ƙara barci. Da rana ta take na leƙa taga, ba hayaƙi a gidansa, ba mota.

Ni da Rudi muka fita nemansa, muka tarar da motar a ƙofar maƙabarta. Ya buɗe hanyar gaba ɗaya, har ya faɗaɗa ta fiye da kullum, ina jin don ya sauƙaƙa wa Rudi. Rufin ya sauke rabinsa. A tsakiyar hanya muka fara tsintar safar hannunsa, gaba kaɗan hular ulu, gaba kaɗan babbar rigar sanyinsa a yashe. Rudi ya riƙe hannuna, don mu 'yan nan mun san ma'anar wannan tun muna yara. Wanda sanyi zai kashe, a ƙarshe zafi yake ji, har ya tuɓe.

Yana zaune a ɗan wurin nan na bakin ƙofa, ya jingina baya da ƙarfen, ya miƙe ƙafafu, ya ɓalle maɓallan shat ɗinsa har ciki. Ya sauko da malfar Elma ya kifa a kansa, ya ɗan karkato ta yadda mutum ke yi in rana ta dame shi. Gashin idonsa ya yi fari da ƙanƙara. Likita ya ce zuciya ce ta gaza ya zauna ya huta, sanyi ya ƙarasa. Ni dai abin da na gani, fuskar mutum ce da ya samu inuwa a rana mai zafi, kuma har yau ita nake gani in na rufe ido.

Linda ta iso ranar Asabar kamar yadda aka shirya, da 'yar rigar da ba ta isa komai ba, na ara mata tawa. Aka yi addu'a a coci, aka bi hanyar da ya buɗe da akwatinsa, ta ɗauki masu ɗauka ba wanda ya goga kafaɗa. Aka ajiye shi kusa da ita aka kulle.

Rudi bai saɓa alkawari ba, ko da yake wanda aka yi wa ya koma ciki. Ni ke raka shi yanzu, ba na barin sa ya je shi kaɗai. Na ɗauko ɗaya malfar daga gidansu, ya buga mini wata ƙusa kusa da ta farko. Jiya da muka je, dare ya sake toshe hanyar, sai da muka yi gumi muka isa. Wurin nan na bakin ƙofa yana nan baƙi tas, sai dai ya ƙara faɗi. Rudi ya tsaya ya dube shi, bai ce iska ce ba. Ya miƙa hannu ya kaɗe ƙanƙarar da ta taru a kan malfunan biyu, ya gyara musu zama, sannan ya jingina tsani.