Baƙin Idon Ruwa

Sonaullah na tsaye cikin rafi, ruwa iya gwiwa, yana ta jan kwando yana fitowa wayam. Bazarar bana ta zo wa Kashmir da zafin da ko tsofaffi ba su san irinsa ba, har ruwan ya yi ɗumi kamar shayin da aka manta a kofi. Kifayen da ya gani tun safe duk sun juya ciki sama. In sauran ma sun bi su, sana'ar da ya gada ta ƙare ke nan.

Matarsa Zoona ta leƙo daga lambu. "Maigida, bar wahalar da kanka. Zo mu hau wajen itatuwan yarinyar nan."

Yarinyar ita ce Rukhsana, injiniyar da ta zo bara da ma'aikata. Su suka fasa simintin da ya toshe hanyar idon ruwa, suka jibge gumagumai a inda yake haɗuwa da rafin. A lokacin ba wanda ya kai Sonaullah kumfar baki. Mutanen da ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu duk shekara su share rafi, a ce 'yar cikinsu ta zo ta zuba musu shara?

Ya bi ta yana gunaguni. Yana sa ƙafa, sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ga kifi nan ƙarƙashin gumaguman, baƙi ƙirin, sun cunkushe suna kaɗa jela. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya ɗaga kwando.

"Tsaya tukuna," in ji Zoona. "Ruwan da ke dukan ƙafarka daga ina yake?"

Daga idon ruwa yake, ya kuma sani. Tun kaka da kakanni ba a cin kifin idon ruwa, ko da yunwa za ta kashe mutum.

"Haba, na rafi ne fa. Na san su."

"Jiya ne na rafi. Yau mafaka suka zo nema."

Ya daɗe yana kallon su, sannan ya jefa kwandon kan gaɓa. Ya karɓi gurasar da ke aljihunta, ya shiga marmasa musu.

"In kin ga yarinyar nan, ki ce ta zo gida ta ci abinci."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka. Ka kuma gaya mata shinkafa da ganye ne, ba kifi."